Yaƙi Bai Halatta Alfarma Ba: Martani kan Neman Aikin Gwamnati a Kano, 1967 zuwa 1970

A cikin wata maƙala da aka buga kwanan baya game da shekarun farko na Jihar Kano, wani marubuci ya tashi tsaye wajen kare al'adar neman aikin gwamnati ta hanyar alfarma, wato mutum ya sami gurbi a ofis domin wani babba ya sa baki a maganarsa, ba tare da hukumar da doka ta ɗora wa ɗaukar ma'aikata ta auna shi da sauran masu nema ba. Marubucin ya kafa ra'ayinsa a kan hujjoji uku: cewa a lokacin yaƙin basasa masu ilimin boko sun yi ƙaranci har babu sukunin jiran jarrabawa da ganawa, cewa a halin yaƙi amana ta fi takardar makaranta muhimmanci, kuma ba wanda ya san amanar yaro kamar ubangidansa, da kuma cewa kai yaro wurin manya domin a sama masa abin yi tsohuwar ɗabi'ar Hausawa ce da ba a jin kunyarta. Daga nan ya yanke hukuncin da shi ne maƙasudin rubutunsa, cewa hanyar da ta tsayar da jiha da ƙafafunta a lokacin yaƙi ba za ta zama laifi a lokacin zaman lafiya ba, saboda haka babu dalilin zargin 'yan siyasar yau idan suka raba guraben aiki ga magoya bayansu. Kowace daga cikin hujjojin nan tana da ƙanshin gaskiya, amma babu wadda za ta iya ɗaukar nauyin hukuncin da aka ɗora mata, kuma tarihin Kano na waɗancan shekaru, idan aka karanta shi gaba ɗaya, yana rushe maganar marubucin ne.

Adalci ne a fara da inda marubucin ya yi daidai. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba na 1966, waɗanda Kano ta ga mafi muninsu a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, sun sa dubban mutanen Gabas sun bar yankin, kuma da yawansu su ne ke riƙe da ayyukan ƙwarewa a reluwe da gidan waya da hukumar lantarki da kamfanonin ciniki. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu a ranar 27 ga Mayu 1967, Ojukwu ya ayyana Biyafara bayan kwana uku, yaƙi kuma ya ɓarke a ranar 6 ga Yuli. Ma'aikatan tsohuwar gwamnatin Arewa da ke Kaduna aka rarraba su tsakanin jihohi shida, waɗanda suka fara cin gashin kansu sosai a watan Afrilu 1968, aka bar wasu kadarori da cibiyoyi a hannun hukumar riƙon ƙwarya ta haɗin gwiwa da aka fi sani da ICSA. Jihar Kano, wadda ta ƙunshi masarautun Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure, tana da mutum fiye da miliyan biyar da rabi bisa ƙidayar 1963, amma rabon da ta samu na ƙwararrun ma'aikata bai yi daidai da yawan jama'arta ba, domin karatun boko bai yaɗu a lardin ba. Saboda haka gwamna Audu Bako ya karɓi jiha mai ɗimbin jama'a da ma'aikatu waɗanda teburansu suka fi mazauna kansu yawa, kuma wannan ba abin musu ba ne.

Haka kuma gaskiya ne cewa mutane sun nemi aiki ta hannun manya. Tun da dokar soja ta soke jam'iyyun siyasa a watan Mayu 1966, ofishin jam'iyya ya daina zama wurin kai buƙata, sai buƙatun suka koma gidajen masu riƙe da muƙamai, waɗanda da yawansu ke zaune a Nassarawa GRA, wato unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa manyan jami'an gwamnati a wajen ganuwa, inda gidan Razdan ya zama Gidan Gwamnati, gidajen Turawa masu faffadan fili da itatuwan darbejiya kuma suka soma komawa hannun kwamishinoni da manyan sakatarori. Wanda ya san yadda neman alfarma yake ya san siffarsa: saurayi ya yi sammako ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya zauna a benci kusa da maigadi, takardar gama firamare ko sakandare tana cikin ambulan da ya soma yin laushi saboda yawan riƙewa, yana jiran fitowar maigida domin ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, Baba ne ya aiko ni.” Idan an dace, sai a yago 'yar takarda a rubuta layi biyu zuwa ga wani babban sakatare cewa a duba lamarin yaron nan. Marubucin ya ga wannan a matsayin jinƙai, kuma babu shakka da yawa daga masu rubuta irin wannan takarda da kyakkyawar niyya suka yi. Tambayar da ya kauce wa ita ce makomar saurayin da ke Birnin Kudu ko Ringim ko Rano, wanda yake da irin wannan takardar makaranta, ko wadda ta fi ta, amma bai san ƙofar kowa a Nassarawa ba.

A nan ne hujjar farko take faɗuwa. Idan ƙwararru sun yi ƙaranci, abin da hankali ke nema shi ne a faɗaɗa nema har ya kai kowace gunduma, a sassauta sharaɗin takardar makaranta a fili yadda kowa zai sani, sannan a ɗauki mutane a horar da su cikin gaggawa. Alfarma kuwa taƙaita nema take yi, domin tana mayar da jihar mai mutum miliyoyi zuwa 'yan gidajen da ke da uwa a gindin murhu, ta yadda gwamnatin da ke kukan rashin mutane take rufe ido ga mafi yawan waɗanda take da su. Abin da ya cike giɓin ma'aikata a Arewa, kafin yaƙi da lokacinsa, shi ne horarwa da tsari. Cibiyar Koyar da Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawuna a 1947 kafin ta zama sashe na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta riƙa mayar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e jami'an mulki da akantoci da ma'aikatan shari'a ta hanyar gajerun kwasa-kwasai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fitar da masu aikin hannu da na injiniya. Kwalejin Abdullahi Bayero da Makarantar Nazarin Larabci a Kano suka ba da malamai da alƙalai. Inda kuma aka rasa ɗan ƙasa, aka ɗauko likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya daga Indiya da Pakistan da Masar bisa kwantiragi. Ko wanda ya shiga da 'yar takardar babba, idan ya zama ma'aikacin kirki, horon da ya samu ne ya mayar da shi haka, saboda haka jingina nasarar ga alfarma ba wa wani ladan aikin da ba shi ya yi ba ne.

Marubucin ya kuma cakuɗa alfarma da manufar Arewantar da aiki wadda gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta bi tun daga tsakiyar shekarun 1950, alhali abubuwa ne mabambanta. Manufar Arewantarwa ƙa'ida ce da aka bayyana a fili, cewa idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a fara ba wa gurbi, idan babu a ɗauki baƙo na ɗan lokaci har a horar da ɗan gida, kuma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa ce ke zartar da ita. Ana iya sukar wannan manufa, kuma mutanen Kudu sun soke ta ƙwarai, amma kasancewarta rubutacciya shi ya sa ake iya yin muhawara a kanta a majalisa, kuma ɗan talaka daga ƙauye yana iya tsayawa ya ce shi ma ta shafe shi. Alfarma ba ta da rubutaccen sharaɗi, ba ta da wurin ɗaukaka ƙara, kuma wanda aka tsallake ba ya ma sanin an tsallake shi.

Hujja ta biyu, ta amana, tana buƙatar a rarrabe muƙami iri biyu. Akwai muƙamin siyasa, irin na kwamishina, wanda shugaba ke da ikon ba wa wanda ya amince da shi, kuma mai riƙe da shi yana tafiya idan gwamnatin ta tafi. Akwai kuma aikin gwamnati na dindindin, irin na akawu da malamin gona da malamin asibiti da akanta, wanda mai shi ke zama shekara talatin ko fiye yana yi wa kowace gwamnati aiki. A muƙamai na farko Audu Bako ya yi zaɓi na siyasa, kuma abin lura shi ne yadda ya faɗaɗa shi: ya haɗa Maitama Sule, tsohon ministan tarayya na jam'iyyar NPC, da Tanko Yakasai, jigo a NEPU, da ɗan kasuwa Aminu Ɗantata a majalisa guda, kamar yadda Gowon ya ɗauki Malam Aminu Kano a matsayin kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967. Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa yaƙi ya tilasta wa shugabanni su nemi mutane har a cikin abokan hamayyar jiya, wanda kuwa kishiyar rabon aiki ga 'yan gida ne. A aikin dindindin kuwa amanar da ƙasa ke buƙata ita ce ta biyayya ga doka da tsare dukiyar jama'a, alhali abin da alfarma ke haifarwa shi ne biyayya ga mutum guda, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akawun da ya san wanda ya sa shi a kujera ba zai iya mayar da fayil ɗin kwangilar ubangidansa ba ko da lissafin bai daidaita ba, kuma shugaban sashe ba zai iya hukunta shi a kan makara ko sakaci ba tare da ya fara tunanin wanda zai ɓata wa rai ba.

Wannan ba ya nufin cewa shaidar dattijo a kan halin yaro ba ta da amfani. Tsarin aikin gwamnati da kansa yana neman mai nema ya kawo sunayen waɗanda za su shaide shi, kuma a lokacin da ake tsoron maƙarƙashiya irin wannan shaida tana ƙara muhimmanci. Bambancin shi ne cewa mai ba da shaida yana sa hannu a takardar da za a ajiye a fayil, yana ɗaukar alhakin abin da ya faɗa, sannan ya bar hukuma ta yanke hukunci. Mai yin alfarma kuwa shi ke yanke hukuncin daga falonsa, kuma idan yaron ya yi ɓarna ba a samun sunansa a ko'ina. Duk abin da marubucin ya nema na tabbatar da amana ana samunsa ta hanyar farko ba tare da an ɗauki illar ta biyu ba.

Hujja ta uku, ta al'ada, ita ce ta fi jan hankalin mai karatu, kuma ita ce ta fi rauni. Gaskiya ne cewa barantaka, wato dangantakar bara da ubangida inda ɗaya ke ba da hidima da biyayya ɗayan kuma ya ba da kariya da abin rufin asiri, ta daɗe a tsarin sarautar Hausa, kuma M. G. Smith ya yi bayaninta dalla-dalla a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Amma al'adar ƙasar nan ba ta tsaya a nan ba, domin sukar wannan tsari ma gadonta ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa karɓar gaisuwa a cikin ɗabi'un mulkin da ya yi tir da su, ƙanensa Abdullahi kuma a nan birnin Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam domin ya nuna wa masu mulki sharuɗɗan riƙon al'amuran jama'a. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura roƙon shugabanci, ya kuma ƙi naɗa mutum biyu da suka zo tare da Abu Musa al-Ash'ari suna neman muƙami, Muslim kuma ya ruwaito yadda ya nuna wa Abu Zarri, duk da kusancinsa, cewa muƙami amana ne da ke buƙatar ƙarfi. Idan aka kawo labarin Annabi Yusuf da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, sai a tuna cewa dalilin da ya gabatar shi ne iya tsarewa da sani, wato cancanta. A zamanin baya-bayan nan ma, ƙudurin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo a majalisar Arewa a 1950 na neman gyaran mulkin En'e, da kafuwar NEPU a Kano a watan Agustan shekarar, da binciken Muffett kan kuɗin En'en Kano wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, duk alamu ne cewa 'yan ƙasa sun daɗe suna neman a raba aikin jama'a da gidan mutum. Gwamnatin da marubucin yake yabo ita kanta ta bi wannan turba, domin a cikin shekarun yaƙin ne aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin jiha, gidajen yari da 'yan doka kuma suka koma hannun gwamnatin tarayya.

Akwai kuma abubuwa biyu da maƙalar ta yi shiru a kansu, kuma shirun ya rage mata nauyi. Na farko, rundunar sojan Najeriya ta tashi daga kimanin mutum 10,000 kafin yaƙi zuwa kimanin 250,000 a ƙarshensa, kuma wannan ƙofa a buɗe take ga ɗan manomi da ɗan dako da almajiri ba tare da takardar kowa ba. Daga cikinsu akwai waɗanda suka nutse a Kogin Kwara lokacin da runduna ta biyu a ƙarƙashin Murtala Muhammad ta yi yunƙurin tsallakawa zuwa Onitsha a watan Oktoba 1967, da waɗanda suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a watan Maris 1968. Ƙasar da ke karɓar ran ɗan talaka ba tare da ta tambayi wanda ya sani ba, ba ta da hujjar tambayar ƙanensa wa ya aiko shi idan ya zo neman aikin akawu. Na biyu, da yawa daga guraben da aka cike na mutanen da aka kashe ne ko aka tilasta wa gudu, kuma kujerar da ta zama fanko ta wannan hanya ta fi kowace cancantar a cike ta da tsoron Allah da tsantsar adalci, domin rarraba ta tsakanin makusanta yana mayar da musibar wasu ta zama ganimar wasu.

Ƙasashen da suka riga Najeriya shiga wannan hali sun bar darasi bayyananne. A Amurka, lokacin yaƙin basasarta na 1861 zuwa 1865, gwamnatin Abraham Lincoln ta sauya mafi yawan jami'an da shugaban ƙasa ke naɗawa ta cike gurabensu da 'yan jam'iyyarta, masu neman muƙami suka riƙa cika fadar shugaban, sakataren yaƙi Simon Cameron kuma ya bar kujerarsa a watan Janairu 1862 bayan ƙorafe-ƙorafe kan kwangiloli da naɗe-naɗe. An ci yaƙin, amma tsarin bai tafi tare da shi ba, sai ma ya ƙara kafuwa har zuwa 1881, lokacin da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba James Garfield, abin da ya sa aka kafa dokar Pendleton a 1883 wadda ta shigo da jarrabawa a ɗaukar ma'aikatan tarayya. Abin da aka ƙyale da sunan larura yakan zarce larurar, domin waɗanda suka ci moriyarsa su ne ke da ikon kawar da shi.

Najeriya ma ta biya nata farashin. Yaƙi ya ƙare a watan Janairu 1970, kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikatu suka kumbura, ƙorafin cin hanci da son kai ya yi yawa, har Murtala Muhammad ya karɓi mulki a watan Yuli 1975 ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 a faɗin ƙasa, bincike kuma ya wanke gwamnoni biyu kacal daga cikin goma sha biyu, na Legas da na Yamma. Ba kowane wanda aka sallama ne ya shiga da alfarma ba, kuma an zalunci mutanen kirki da yawa domin an yi korar cikin gaggawa ba tare da sauraron bahasi ba. Sakamakon haka ma'aikaci ya koyi cewa doka ba za ta kare kujerarsa ba, sai ya ƙara manne wa ubangida. Shiga ba bisa ƙa'ida ba da fita ba bisa ƙa'ida ba cuta ɗaya ce, kuma ƙoƙarin magance ta ne ya haifar da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a a 1975, wadda Maitama Sule ya fara shugabanta, da shigar da ƙa'idar daidaiton rabon muƙamai cikin tsarin mulkin 1979, da kafa hukumar da ke lura da ita a 1996. Cewa a 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya ya nuna inda alfarma ke ƙarewa: gurbin da aka saba bayarwa domin zumunci ko biyayya, daga baya kuɗi ake sa masa.

Saboda haka hukuncin da marubucin ya yanke ba shi da madogara ko da an karɓi labarinsa na shekarun yaƙi yadda ya kawo shi. Uzurin wancan lokaci shi ne ƙarancin masu ilimi, yau kuwa Kano tana da Jami'ar Bayero da jami'o'in jiha da kwalejoji masu yaye dubban matasa kowace shekara, ta yadda matsalar ta juye daga rashin masu cancanta zuwa yawansu, kuma idan masu cancanta suka fi gurabe yawa, babu abin da zai sa wanda bai samu ba ya haƙura sai ya ga an bi hanyar da ya yarda da ita. Abin da ya wajaba a kan gwamnati sananne ne kuma ba ya da tsada: a sanar da kowane gurbi a rediyo da jarida da intanet, a yi jarrabawa da ganawa a ƙarƙashin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, a buga sunayen waɗanda aka ɗauka tare da makinsu da ƙananan hukumominsu, duk babban da ke son shaidar wani kuma ya yi a rubuce da sa hannunsa. Albashin ma'aikaci daga baitulmalin jama'a yake fitowa, wanda harajin mai kayan miya a Kasuwar Rimi da na manomi a Gaya ke ciki, kuma 'ya'yansu suna da haƙƙin a auna su da ma'auni ɗaya da 'ya'yan kowa.